Hannun Farfesa da Takardar Awara

Tun ranar da ƙanwata ta sauke jakarta a ɗakina hankalina ya daina kwanciya. Ba wai ba na son zuwanta ba ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye ta a Kademi tun ina 'yar mitsitsiya, kafin aure ya kawo ni Gaya. Abin da ke cikin jakar ne ya dame ni: takardu farare tas, tuli guda. Ga kuma 'yata mai wata goma sha ɗaya da ta fara rarrafe, wadda duk abin da hannunta ya kai gare shi, bakinta ne alƙalinsa. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba.

Kafin zuwan takardun nan yarinyar ta riga ta ci rabin katin rigakafinta. Ta ci gefen kalanda. Ta taɓa cin takardar maganin da aka rubuto wa babanta, sai da ya koma aka sake rubuta masa. Ni kuma dama Allah ya yi ni mai fargaba. In yarinya ta yi barci da yawa sai na sa yatsa a hancinta, in ba ta yi ba sai in ce wani abu ne. Yanzu ga karatun shekara huɗu an ajiye mata a ƙasa, daidai tsayin bakinta.

Ƙanwar tawa tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta Hausa. Da farko abin ya ba ni dariya.

Na ce, "Ke da aka haifa a Kademi, wace Hausa kuma za a koya miki?"

Ta ce, "Yaya, ba za ki gane ba."

Wannan ce amsarta ga komai. Ni aji huɗu na tsaya a boko, sai allo da Islamiyya da na ɗan yi nisa. Don haka na saba da rashin ganewa, ba ya mini ciwo.

Ta zo wurina ne don ɗakin kwanansu na makaranta ya cika da hayaniya, ga zango ya zo ƙarshe. Jarrabawa shida ke gabanta cikin mako biyu. Bayan su ga wani littafi da kowane ɗalibi ke rubutawa kafin a sallame shi, suna ce masa furojet. Bayan shi kuma ga wani abu wai difens. Da na ji sunan na ɗauka dambe za a yi. Ashe tsayawa za ta yi gaban malamai su yi ta jifanta da tambayoyi tana karewa. Na ce to ai da ɗan kama.

Kullum da sassafe take fita neman mota, ɗankwali a karkace, biro a baki, tana karanta takarda tana neman takalmi. Rannan ta fita da silifas ɗaya nawa ɗaya nata. Rannan ta zuba sukari a miya. Tana salla tana sallamewa sai ka ji ta ci gaba da haddar sunayen wasu Turawa.

Littafin nata a kan waƙoƙin reno ne, irin waɗanda mata ke yi wa jarirai a ƙauyukan Gaya da Ajingi. Ta je Balan, ta je garinmu, ta sa tsofaffi sun yi ta rera mata a waya. Har ni ta ɗauka ban sani ba. Ina da wata 'yar waƙa da nake yi wa yarinyar in ta ƙi barci. Ba ma waƙa ba ce, tsorona ne kawai nake jerowa da murya:

Yi barci kar ki ci takarda,
Yi barci kar ki ci ƙasa,
Garwashi ba alewa ba ne,
Akuya ba yayarki ba ce.

Na ce, "Wallahi in kika kai wannan shirmen gaban manya ban yafe ba."

Ta ce, "Ai har Farfesa ya gani."

Farfesan nan shi ne mai duba mata littafin. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san shi kamar maƙwabci, don kullum sai an ci tuwo da shi a gidanmu. Dattijo ne mutumin Gafasa. Ba ya karɓar aiki ta waya ko ta kwamfuta, sai an buga a takarda an kai masa, ya bi shi layi-layi da jan biro. In takardun suka dawo sai ka ce an yanka kaza a kai. Ƙanwata ta yi kuka da shi, ta yi masa Allah ya isa a ɓoye, sannan ta ce duk makarantar babu kamarsa.

Ni aikina gadi. Na ɗora takardun a kan gado, yarinya ta koyi jan zanin gado. Na sa su a kwalla na rufe, ta koyi buɗe murfi. Har goyon dole na riƙa yi mata ina suya, ga zafi ga hayaƙi, don dai karatun mutane ya tsira. Sana'ata awara ce. Nakan jiƙa waken suya, a markaɗo, in tace, in dafa, in tsinka da ruwan tsami, in matse, da safe in soya. Matan unguwa na aikowa a saya.

Ranar wata Asabar leda ta ƙare mini, ga masu saye sun cika tsakar gida. Ƙanwata na ƙoƙarin fita jarrabawa ta huɗu. Na nuna mata wani tuli da ta ware gefe, wanda jan biro ya fi yi wa ɓarna.

Na ce, "Waɗannan masu jini-jinin fa?"

Ta ce, "Na gama da su, Yaya," ta yi waje.

A wurinta, ta gama shigar da gyaran cikin kwamfuta. A wurina kuwa, abin da aka gama da shi an gama da shi. Kuma a ajinmu na firamare duk takardar da ta sha ja haka ba a kai ta gida ma, a hanya ake yar da ita. Na ce Allah ya kawo sauƙi. Kwana uku ina naɗe awara da su. Takarda ce mai kyau, tana shan mai, ba ta yagewa. Har wata ta aiko a tambaye ni inda nake samu.

Cikin tulin na ci karo da guda huɗu da ban taɓa ba. A gefensu da ƙasansu akwai rubutu da baƙaƙen Larabci, shi ma da ja. To mu yadda aka tashe mu, takarda mai irin wannan rubutu ba a taka ta, ba a zuba mata abinci, don ba ka san ko da sunan Allah a ciki ba. Ban tsaya karantawa ba. Na ce a raina, oho, ashe 'yar boko ma ta je an yi mata taimakon jarrabawa, malamin ya rubuta mata a jikin littafin. Na ninke su na ɗora can saman sif, bayan kwanukan aurena. Ban yi mata zancen ba don kar ta ji kunya.

Ranar Litinin bayan la'asar ta shigo ba sallama. Ta zauna a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

Na ce, "Karatun ne ya yi tsauri?"

Ta ce, "Farfesa ya rasu."

Na yi salati. Ta ce da safe ya shiga aji lafiya lau, har ya kori wani da ya zo a makare. Da azahar ya ce ƙirjinsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. An wuce da shi Gafasa. Ta kifa kai a gwiwa tana kuka, ni ma na taya ta, ina kukan mutumin da ban san fuskarsa ba. Yarinyar ta rarrafo ta dafa ta, ta zare biron da ke hannunta ta kai baki.

Mutuwa ba ta ɗage jarrabawa ba. Washegari ta tafi da kumburarrun idanu ta rubuta ta biyar. Ranar Laraba ta rubuta ta ƙarshe, ta dawo da sabon labari. An raba ɗaliban marigayi ga wasu malamai, ita ta faɗa hannun wani matashin Dakta. Ya ce duk wanda ke da shaidar cewa Farfesa ya duba aikinsa ya amince, ya kawo ranar Litinin, ya shiga difens da 'yan ajinsu. Wanda ba shi da ita sai a fara duba nasa daga farko, kuma wannan sai wata shekarar.

Ta ce, "Ni alhamdu lillahi. Ranar da ya ba ni na ƙarshe ya ce ya sa hannu a ciki. Yaya, ina takardun nan masu ja?"

Ina tankaɗe a lokacin. Na ci gaba da tankaɗe duk da garin ya ƙare.

"Yaya?"

"Waɗanne?"

"Waɗanda na ware a gefen gado."

"Waɗanda kika gama da su?"

Ta dube ni, ta dubi yarinyar. Wallahi na ga hanya a buɗe. Da na ce yarinya ce, babu mai musu, duk unguwa an san halinta. Ita kuma tana zaune tana washe haƙoranta huɗu, ba ta da bakin kare kanta. Na ji ba zan iya ba.

Na ce, "Na naɗe awara."

"Kin naɗe me?"

"Awara."

"Da furojet ɗina?"

"Ke kika ce kin gama da su."

"Shekara huɗu, Yaya! Awarar nawa?"

Na ce ba ta wani yawa ba ce, sai na ga wannan ma ba amsa ba ce. Maigidana ya shigo ya tarar da mu, ya ji bayani, ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Mako biyu kina tsare yarinya, ashe ke ya kamata a goya." Shi kaɗai ya yi dariya. Da ya ga haka sai ya ce in shiga gidaje gobe in nema, ya ba ni izini har inda ƙafata ta gaji.

Kafin in fita na tambaye ta abin da zan nema. Ta ce shafin da ya sa hannu. Ban ƙara tambaya ba, don na san sa hannu. Na yi a wurin zaɓe, na yi a asibiti: a dangwala babban yatsa a tawada a manna.

Na goya yarinya, na zura hijabi, na fara da gidan da ke jikin namu. Abin da wuya shi ne buɗe zancen. Sai an gaisa, an tambayi maigida, an tambayi yara, an yi maganar tsadar wake, sannan in ce, "Af, dama takardar awarar kwanakin nan nake nema."

"Takardar? Ba awarar ba?"

"Takardar."

"Lafiya dai ko?"

Wata ta ce ta hura wuta da tata. Wata ta ce in tambayi akuyarsu. Wata amarya ta fito mini da guda uku daga ƙarƙashin katifa, ta ce tana koyon Turanci da su. A gidan mai ɗinki na tarar an yanka ɗaya an fitar da wuyan riga. Wata tsohuwa da muke ce wa Goggo ta riƙe tata gam.

Ta ce, "'Yar nan, faɗa mini gaskiya. Kuɗi aka ce za a raba wa masu takardar?"

Na ce, "Wallahi Goggo karatu ne."

"Karatun ne ya sa kike yawo da rana tsaka kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya? In rabo ne a sa da ni."

Sai da na yi mata alkawarin awara kyauta ta saki. Kafin azahar labari ya riga ni zagaya unguwa. Ina shiga gida za a ce, "Ga mai takarda nan." Wasu suka riƙa miƙo mini duk abin da suka samu, har da takardar maganin sauro.

Na dawo da guda ashirin da ɗaya, duk sun zama kamar gilashi don mai. Amma zuciyata fari ƙal, don na duba da idona, kusan kowacce da hannu a jiki, ja jawur. Na shimfiɗa mata su a tabarma.

Na ce, "Share hawayenki. Ga hannu nan, ba ɗaya ba. Ki zaɓi wanda ya fi fitowa."

Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci.

"Yaya, wannan yaji ne."

"Yatsa ne dai."

"Yatsan wanda ya ci awara! Farfesa guda zai yi dangwale? Sunansa yake murɗawa da biro!"

Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya, har na ji tsoro na kawo mata ruwa. Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Babu shafin. Na ce ta tuna kamanninsa, ta ce ita ba ta ma duba ba, gyaran Turancin da na bokon kawai ta bi a gurguje, jarrabawa ta sha mata kai. Ranar Juma'a ba ta yi mini magana ba sai "sannu" da "na ƙoshi". Wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ranar Asabar ɗaliban Farfesa mata suka shirya zuwa gaisuwa Gafasa. Na ce zan bi su. Ina ganin ko ban san shi ba, na yi masa laifi, ya kamata in je in tsuguna a gidansa.

Gidan ba irin wanda na zata ba ne. Gidan ƙasa ne da rumbuna biyu, sai ɗaki ɗaya na siminti cike da littattafai har rufi. Na ƙara ɗaure goyona. Matarsa, wata Hajiya mai sanyin murya, tana zaune a tabarma da carbi. Muka yi mata gaisuwa, muka ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba su haƙuri. Ta dubi 'yan matan ta ce, "Ku ne masu shan jan biro?" Suka yi murmushi suna share ido.

Ta ce, "Ku yafe masa. Ni ma haka na sha. Ko sautun kasuwa na rubuta sai ya gyara. Amma in gaya muku sirrinsa. In yana faɗa, da boko yake yi. In abu ya kai masa zuci, ko ya ji daɗi, sai hannunsa ya koma ajami, irin na allon da ya fara da shi. Duk wadda ta ga ajami a takardarta, to ta shiga ransa."

Wata ɗaliba ta ce ita ba ta samu ba. Wata ta ce ta ga wani abu kamar haka, ta ɗauka gwada biro yake. Ni kuwa nan take na tuna. Na ga saman sif ɗina ƙiri-ƙiri, da kwanuka, da abin da ke bayansu. Na matsi cinyar ƙanwata.

Ta ce, "Mene ne?"

Na raɗa mata, "Kin taɓa zuwa wurin malami a kan jarrabawar nan?"

"Yaya, a gidan makoki?"

"Amsa mini."

"Ban taɓa ba."

Na ce, "Tashi mu tafi."

Ban taɓa jin nisan Gafasa da Gaya ba sai ranar. Muna shiga na taka turmi na lalubo su. Guda huɗu, tsaf, ko ɗigon mai babu. Ta fizge ta duba ta ƙarshen, ta yi ƙara.

"Ga shi! Ga hannunsa, ga kwanan wata!"

Na leƙa. Wani ɗan murɗe-murɗe ne kamar sawun tsutsa. Da shi aka ce in nemo, da har yau ina yawo.

Ta ce, "To me ya rubuta a sama?" Ta juya takardar, ta ƙanƙance ido, ta fara haɗa baƙi tana tuntuɓe. Allonta tun tana 'yar shekara tara ta ajiye shi.

Na ce, "Kawo nan. Ba za ki gane ba."

Na daɗe ina jiran ranar da zan faɗi wannan maganar. Na gyara zama, na karanta mata a tsanake. A ta farko ya ce: "Wannan babin kin cika surutu, amma surutun mai daɗi ne." A ta biyu: "Tsohuwar Balan ta fi mu sani, ni da ke." A ta uku addu'a ce ya yi wa iyayenmu. A ta huɗu, saman hannun nasa: "Alhamdu lillahi. Na duba, na gamsu, na sallame ki. A ɗinka."

Ƙanwata ta rungume ni har da yarinyar a baya. Sai na ga akwai sauran layi biyu can ƙasa, ƙanana, a matse. Na karanta: "Waƙar yayarki na rera wa jikata, ta yi barci. Ki gaishe ta, ki ce mata"

Nan takardar ta ƙare. Sai wata 'yar kibiya da ke nuna shafi na gaba.

Na ce, "Ina na gaba?"

Muka duba ashirin da ɗayan nan. Wannan shafi na hamsin da bakwai ne. Akwai hamsin da biyar, akwai sittin. Babu hamsin da takwas. Ƙila kalmomin kaɗan ne a can sama, idona ya tsallake su da safen da masu saye suka yi mini yawa. Na naɗe saƙona da hannuna na miƙa wa wani.

Ranar Litinin ta kai wa Dakta. Ta ce ya gane hannun nan take, amma ajamin sai da ya kira wani tsohon ma'aikacin ofis ya karanta masa. Da aka zo "na sallame ki" sai Daktan ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ashe Daktan ma ɗalibin Farfesa ne, kuma bai taɓa samun ajami ba. Ta shiga difens da 'yan ajinsu, ta fito lafiya, ba wanda ya doke ta. An ɗinka littafin da baƙin bango. Tana ajiye mini nawa kwafin yarinyar ta ci kusurwarsa.

Na koma gidajen nan sau biyu. Goggo ta ci awararta ta kyauta, ta ce har yanzu ba ta yarda ba rabo ake yi ba. Maigidana ya ce ƙila cewa ya yi in rage yaji. Ƙanwata ta ce ƙila cewa ya yi in rage tsoro. Ni dai ban sani ba, kuma abin yana zo mini ina tsakar suya. Mutum mai ilimi irin wannan ya aiko mini da magana, ni da ban wuce aji huɗu ba, rabinta ya iso, rabi ya tafi da awara.

Don haka ga roƙona. In kana Gaya, ko ka ratsa ta, ka taɓa cin awara a farar takarda mai lamba hamsin da takwas a ƙasa da jan ajami a sama, don Allah kar ka yar. Ka tambayi gidan mai takarda, kowa zai nuna maka. In ta riga ta shiga wuta amma ka karanta, ka zo ka faɗa mini abin da ya ce. In kuwa ba ka gan ta ba, ka yi wa Farfesa addu'a, Allah ya jiƙansa.